Zubar da ciki: Kare rai bai tsaya ga hana doka sauyawa ba

Duk lokacin da aka taɓo batun sassauta dokar zubar da ciki a Najeriya, Cocin Katolika na cikin waɗanda ke fara ɗaga murya, kuma tarihi ya nuna muryar tana da nauyi. A shekarar 2013, bayan ƙorafin da Babban Bishop na Owerri, Anthony Obinna, ya jagoranta, Gwamna Rochas Okorocha ya nemi afuwa, aka kuma soke dokar Jihar Imo ta 2012 wadda ta buɗe ƙofar zubar da cikin da aka samu ta hanyar fyaɗe. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin da likitoci za su bi wajen cire ciki a inda doka ta yarda. Babban Bishop Alfred Adewale Martins ya yi tir da su, kuma cikin 'yan kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da aiki da su.

Matsayin cocin ba ɓoyayye ba ne. Koyarwarta ita ce ran ɗan Adam na farawa tun daga shigar ciki, kuma babu wanda ke da ikon kawar da shi da gangan, uwa ce ko likita ko hukuma. Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya ziyarci Najeriya a 1982 da 1998, ya jaddada haka a wasiƙarsa ta Evangelium Vitae a 1995. A Arewa wannan matsayi ba baƙo ba ne, domin malaman mazhabar Malikiyya da mafi yawan Musulmin yankin ke bi su ma sun tsananta a kan lamarin. Wannan na daga cikin batutuwa ƙalilan da limamin masallaci da limamin coci a Lafiya za su yi huɗuba a kansu ba tare da saɓani mai yawa ba.

Dokar ƙasa ma tana tare da su. Sashe na 232 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a jihohin Arewa, har da Nasarawa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai dai idan an yi ne da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa. Gaskiya ne Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo a 2004, wadda sashenta na 14 ya nemi a halatta cire ciki idan ya samu ta fyaɗe ko yana barazana ga lafiyar uwa. Amma sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Saboda haka bishop-bishop na da hujja idan suka ce kada a sauya al'amari mai girma irin wannan ta takardar ma'aikata ko sharaɗin masu ba da tallafi daga waje. Jamhuriyar Benin ta sassauta tata dokar a 2021, amma a zauren majalisa ta yi, a bainar jama'a. Wanda ke son irin haka a nan, hanyar ke nan.

Sai dai akwai abin da nasarorin Owerri da Legas ba su taɓa ba. Binciken Cibiyar Guttmacher tare da masana na Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta cewa an zubar da ciki kimanin miliyan 1.25 a Najeriya a shekarar 2012 kaɗai, duk da haramcin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a ƙasar nan a 2020 sanadiyyar ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Mafi yawansu matan aure ne da ke son abin da ke cikinsu, zubar jini ko jijjiga ko doguwar naƙuda ta kashe su, sau da yawa tare da jaririn. Wasu kuma 'yan mata ne da tsoron abin kunya ya kai su bayan kantin kemis ko hannun mai jiƙe-jiƙe. Duk wanda ya ce yana kare rai, waɗannan gawarwaki ma suna cikin lissafinsa.

A gari irin Kwandere ake gane bambancin. Garin na gefen Lafiya, babban birnin jiha, kuma a nan ne aka gina filin jirgin saman da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Fabrairun 2022. Matar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare a ƙauyukan da ke kewaye ba ta da ruwa da muhawarar Legas ko hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2022 na soke Roe v. Wade. Buƙatarta ita ce ungozomar da ta san aiki, da motar da za ta kai ta asibiti a Lafiya, da jinin da za a ƙara mata ba tare da an ce mijinta ya fara kawo kuɗi ba. Jihar da ta iya shimfiɗa titin saukar jirgi ba ta da uzurin gaza samar da waɗannan.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ya kamata gwamnatin Nasarawa ta bayyana wa jama'a, da harsunan da suke ji, asibitocin da ake samun wannan rangwame da adadin matan da suka amfana. Haka kuma ya kamata 'yan majalisar jiha su riƙa auna kasafin lafiya da alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100, su kuma bi sawun abin da aka saki a zahiri.

Cocin Katolika tana da abin da za ta shigo da shi wannan fage fiye da sanarwar bayan taro. Dayosis ɗin Lafiya, wanda aka kafa a shekarar 2000 kuma Bishop David Ajang ke jagoranta, na da majami'u da makarantu a sassan jihar, ga kuma asibitin Our Lady of Apostles da ke Akwanga. Hujjar cocin za ta fi ƙarfi a kunnen jama'a ranar da yarinyar da ta yi ciki a makaranta ta san akwai inda za a karɓe ta ta haihu lafiya ta koma aji, ba a kore ta a bar wanda ya yi mata cikin yana yawo ba. Za ta fi ƙarfi idan limamai suka fito fili suka gaya wa iyaye cewa wulaƙanta 'yar da ta yi kuskure, ko wadda aka yi wa fyaɗe, shi ke tura ta ga abin da suke wa'azi a kai. Paparoma Francis ya nuna hanya a 2016, lokacin da ya bai wa kowane limamin coci izinin karɓar tuban wadda ta zubar da ciki, ba tare da ya sauya hukuncin laifin ba.

Akwai kuma buƙatar a fayyace wa ma'aikatan lafiya iyakar doka. Kula da matar da ta yi ɓari, ko wadda ta zo tana zubar da jini bayan ta sha wani abu, ba laifi ba ne a Penal Code, kuma koyarwar Katolika ba ta hana ba. Haka nan cocin ta yarda a yi wa mai cikin da ya zauna a wajen mahaifa tiyatar da za ta ceci ranta. Idan tsoron 'yan sanda ko na abin da za a ce ya sa malamar asibiti ta yi jinkiri, rai ne ke salwanta, kuma babu addinin da ya nemi haka.

Wannan jarida na ganin bishop-bishop na da haƙƙin ci gaba da kare matsayinsu, kamar yadda masu adawa da su ke da haƙƙin kai ƙorafinsu majalisa. Amma kafin wata sabuwar taƙaddama ta taso, ya dace Dayosis ɗin Lafiya, da malaman Musulunci, da masarautu irin ta Sangarin Kwandere su zauna da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, su nemi alƙaluman matan da ke mutuwa wajen haihuwa a kowace ƙaramar hukuma, su kuma matsa a riƙa wallafa su duk shekara. Da wannan ma'auni ne jama'a za su gane wanda ya damu da rai da gaske.