Kwaɗon da Aka Sa wa Ƙofar Majami'a a Hajj Abdalla

A garin Hajj Abdalla, wanda yake kudu da Wad Madani a kan hanyar Sinnar, cikin ƙasar Jazira ta Sudan inda Hausawa masu yawan gaske suka kafa gidaje har suka ga jikoki da tattaɓa-kunne, akwai wani gini mallakar ɗarikar Katolika, wanda ma'abotansa, da suka ga Kiristocin waɗansu ɗariku ba su da inda za su taru ranar Lahadi, suka bar musu shi su ma su riƙa yin ibadarsu a ciki. A watan Fabrairu na 2022 waɗansu masu tsananin ra'ayi suka garƙame ginin da kwaɗo. Ranar 10 ga Afrilu kuma, ana tsakiyar ibada, aka faɗa wa masu addu'a, aka doki faston ɗarikar Luta, aka yayyaga littattafai, aka kakkarya kujeru. Da magana ta je gaban alƙali, sai aka yanke wa wanda ya yi dukan ɗaurin wata guda, aka kuma yanke wa wanda aka doka wata guda, bisa laifin ta da hankalin jama'a. Ni Musulmi ne, ga Musulmi kuma nake fuskantar da mafi yawan wannan magana, amma ina ganin wannan hukunci zalunci ne bayyananne, ina kuma ganin mu Hausawa mun fi kowa cancantar mu ji ciwonsa.

Ranar da abin ya auku tana cikin watan Ramadan. Duk wanda ya san Jazira ya san abin da mutanenta suke yi idan rana ta kusa faɗuwa a wannan wata mai alfarma: dattawa da samari su fito bakin titin Hartum zuwa Madani, su shimfiɗa tabarmi a jere, su jera manyan farantai na asida da balila da dabino da tulunan hilu-mur, sa'an nan su tsaya a tsakiyar kwalta suna ɗaga rawuna, suna tare manyan motoci, suna rantsuwa da Allah sai matafiyi ya sauko ya sha ruwa da su. Ba a tambayar mai saukowa ƙabilarsa, ba a tambayarsa addininsa, direban Banube da ɗan kasuwar Kibɗawa da almajirin Bahaushe duk a faranti ɗaya suke sa hannu. Ƙasar da take da irin wannan karamci, har ya zama abin alfaharinta a duk Sudan, ita ce a cikin wannan wata aka shiga ɗakin ibadar maƙwabta da duka.

To, mene ne abin da Kiristocin nan suka yi, kuma daga ina suka samo shi? Karɓar baƙo a wurinsu yana cikin shika-shikan addini, domin a cikin Linjilar Matta, sura ta 25, an sanya saukar da baƙo, tare da ciyar da mayunwaci da duba marar lafiya da ziyartar ɗan kurkuku, cikin abubuwan da za a auna mutum da su ranar hisabi. Wasiƙar Yakubu ta yi kakkausan gargaɗi ga jama'ar da take ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Amma abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne rigimar da ta tashi tun zamanin almajiran Annabi Isa, alaihissalam, sa'ad da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa, waɗansu suka ce ba za a ci abinci da su ba sai sun bi dukkan hukunce-hukuncen Attaura. Aka yi taro a Baitul Muƙaddas, aka yi muhawara, aka yanke cewa kada a ɗora wa baƙin kayan da ya fi ƙarfinsu, har Bulus ya tsawata wa Bitrus a bainar jama'a a Antakiya don ya janye daga cin abinci da su. Bulus ɗin nan ya rubuta wa jama'ar Rum cewa kada mai cin nama ya raina mai ƙin ci, kada mai girmama wata rana ya hukunta wanda bai girmama ta ba, kowa ya karɓi ɗan'uwansa ba tare da jayayya kan ra'ayi ba. Malamanmu da suka karanta babin ihtilafi, suka san yadda Malikiyya da Shafi'iyya suke sallah a sahu ɗaya duk da saɓaninsu a furu'a, ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai sanin hukunci daban, aiki da shi daban, kuma tarihin Nasara shaida ne. Bayan da Martin Luta ya yi wa Paparoma bore a 1517, Katolika da mabiyansa suka shiga gaba mai tsanani, wadda ta kai ga yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, da ya bar garuruwan Jamus kufai. Sai bayan ƙarni uku da wani abu, a babban taron Fatikan na biyu, cikin 1964, Katolika ta amince a hukumance cewa Kiristocin sauran ɗariku 'yan'uwa ne, a shekarar da ta biyo kuma ta fitar da bayanin girmamawa ga Musulmi. A 1993 Fatikan ta fitar da ƙa'ida a rubuce, cewa idan wata jama'ar Kirista wadda ba Katolika ba ta rasa wurin ibada, bishof yana da ikon ya ba ta aron gininsa. Saboda haka sa'ad da mabiyin Luta ya tsaya yana wa'azi a ƙarƙashin rufin Katolika a wani gari na bakin Nil Azraƙ, tare da Nubawan Majami'ar Almasihu ta Sudan suna jiran nasu lokacin, ana ganin ɗiyan wata bishiya ce da aka shayar da jini mai yawa kafin ta yi 'ya'ya, abin da kakanninsu na Turai ba su iya ba. Ita wannan majami'ar ta Nubawa, in mai karatu bai sani ba, ta tsiro ne daga aikin mishan ɗin SUM, wanda ya fara sauka a Wase ta ƙasar Filato a 1904, don haka tana da dangi a Najeriya.

Wani zai ce larura ce ta haɗa su, tun da gwamnatin Umar al-Bashir, bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, ta shelanta cewa ba za ta ƙara ba da izinin gina sabuwar majami'a ba. Gaskiya ne larura tana ciki. Amma larura takan sa mutum ya ƙara riƙe abin hannunsa kamar yadda takan sa ya buɗe shi, kuma an ga wuraren da ƙuncin ya raba Kiristoci maimakon ya haɗa su, kamar rigimar filaye da gine-gine da ta tsaga majami'ar Injiliyya a Bahri da Omdurman gida biyu, hukuma tana hura wuta. A ƙasarmu ma sau nawa Bahaushe Kirista, ɗan Wusasa ko ɗan ƙauyukan Kano da Katsina, ya shiga coci a wani gari aka bi shi da kallon tuhuma saboda hularsa da harshensa? Ga Kiristocin da suke karanta wannan rubutu ina cewa, da ladabi, aron ginin da aka yi a Hajj Abdalla hujja ce a kansu kafin ta zama hujja a kan kowa.

Yanzu sai mu juyo ga kanmu. Yaya aka yi Bahaushe ya sami kansa a Jazira? Tun ƙarnoni da suka wuce alhazai suke bi ta nan a ƙasa, da jaki da sanda da gora, suna yada zango su yi noma shekara ɗaya ko biyar su tara guzuri, sa'an nan su nufi Sawakin su haye zuwa Jidda, da yawa kuma zangon ya zame musu gida. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, cikin Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka sauka a bakin Nil Azraƙ kusa da Sinnar, garin da suka kafa yana amsa sunansa har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin audugar Jazira ya buɗe, hannun Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur ne ya yi shuka da cira da yasar magudanai. Mafi yawansu ba a ba su hawasha ba, wato gonar da ake yanka wa manomi da sunansa. Aka bar su a kambo, unguwar bukkoki da ɗakunan laka a gefen magudanar ruwa, inda mutum zai haifu, ya tsufa, ya mutu, ba shi da takardar ko taku ɗaya na ƙasar da aka binne ubansa. Su da Nubawa da mutanen Kudu, waɗanda su ne mafi yawan masu zuwa irin wannan majami'a, rana ɗaya ta ƙona su a gona ɗaya.

Wata uku kacal bayan dukan da aka yi a Hajj Abdalla, cikin Yulin 2022, wuta ta tashi a jihar Nil Azraƙ, a Rusairis da kewayenta, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka amsa musu cewa su baƙi ne, ba su da ƙasa. Fiye da mutum ɗari suka halaka, a watan Oktoba kuma wajen ɗari biyu a Wad al-Mahi, dubbai suka gudu zuwa Sinnar da Nil Abyad. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Hartum suna cewa su 'yan ƙasa ne, kuma gaskiya suka faɗa. To, maganar da aka jefe mu da ita a Rusairis, cewa wanda ya zo daga baya ba shi da hakkin kafa komai nasa, ita ce dai aka jefi masu ibadar Hajj Abdalla da ita, alhali kuwa gaɓar wannan kogi ta ga majami'u tun kafin a kafa Sinnar a 1504, sa'ad da Soba take babban birnin daular Kirista ta Alwa. Wanda ya ƙi wannan hujja idan an kafa masa ita, ba shi da halin ya yi shiru idan an kafa wa maƙwabcinsa.

Na san akwai masu karatu a cikinmu da za su ɗauko littattafan fiƙihu su nuna inda magabata suka hana gina sababbin majami'u a biranen Musulmi, kuma ba na musun cewa maganar tana nan. Amma an yi waɗannan hukunce-hukunce ne ga ahlul zimma a ƙasar da aka ci da yaƙi, ƙarƙashin yarjejeniyar jizya, Banuben Jazira kuwa ɗan ƙasa ne mai katin shaida iri ɗaya da na limamin gari, kuma takardar tsarin mulki ta 2019 ta lamunce masa 'yancin ibada. Wannan bambanci shi ne ɗaruruwan malamai suka tabbatar a Marrakesh cikin Janairu na 2016, bisa jagorancin Shaihu Abdullahi bin Bayya, Bamalike ɗan Muritaniya, suna kafa hujja da sahifar Madina. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hajji, aya ta 40, ya ambaci ɗakunan ruhubanawa da majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah yake karewa daga rushewa. Ma'abota sira sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar tawagar Nasaran Najran ta yi ibadarta a masallacinsa. Kafin wannan kuma, sa'ad da Ƙuraishawa suka tsananta wa sahabbai, wurin sarki Kirista suka gudu, Najjashi na Habasha, ƙasar da Nil Azraƙ yake gangarowa daga duwatsunta, ya karɓe su, ya mayar wa jakadun Makka kyautarsu, ya ƙi miƙa baƙinsa. Ko da a ce akwai shubuha a kan ginin, alƙali ne mai warware ta, shari'a ba ta ba wani mutum ɗaya izinin ya sayi kwaɗo a kasuwa ya zama hukuma ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun Da'amus Sari ranar 15 ga Afrilu, 2023, dakarun nan suka kama Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, aka washe ƙauyukan Jazira, aka keta alfarmar masallatai da majami'u baki ɗaya. Da soja suka karɓe birnin cikin Janairu na 2025, mutanen kambo da 'yan Sudan ta Kudu ne aka fara bi da ramuwar gayya, kamar kisan da aka yi a Kambo Ɗayyiba. Masu rauni dai su ne masu rauni, ko suna fuskantar alƙibla ko ba sa fuskanta.

Yanzu da mutane suke komawa garuruwansu, za a sake zama a kan wa yake da wane fili, wa zai gina me. Ina roƙon limaman Hausawa da sarakunansu na Hajj Abdalla da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Jazira, idan maƙwabtansu Kiristoci suka tafi wurin hukuma neman a tabbatar musu da wurin ibadarsu da takarda, su tashi su raka su, su yi magana da bakinsu a gaban jami'i, su kuma faɗa wa samari daga kan mumbari ranar Juma'a cewa taɓa wannan gini haramun ne.