Kandaji: "sai gobe" ta cinye shekara hamsin

A Nijar akwai wata kalma da ta fi kowace doka ƙarfi a cikin buro: "sai gobe". Ita ce ke tsare takardar ɗan kasuwa a kan tebur wata uku, ita ce kuma ta tsare barajin Kandaji kusan shekara hamsin.

Tun cikin shekarun 1970 aka soma binciken gina wannan madatsa a kan kogin Isa, cikin jihar Tilaberi. Sai a watan Agusta na 2008 shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko. Kamfanin Rasha da aka bai wa aikin ya kasa, aka soke kwangilarsa a 2013. A watan Maris na 2019 shugaba Isufu Mahamadu ya sake buɗe aikin da wani kamfanin Sin. An yi alƙawarin megawat 130 na lantarki da noman rani a hekta 45,000.

Ranar biyan bashin jinkiri ta zo a watan Agusta na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya, wadda a lokacin ke ba ƙasar wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layi. Injin niƙa ya yi shiru, kifi ya ruɓe a hannun masu sayarwa, ma'aikaci ya zauna gaban na'urar da ba ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu kare mahukunta za su ce babu kuɗi: farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, darajar sefa ta karye a Janairun 1994. Gaskiya ne. To amma lokacin da uraniyom ke da tsada fa? Kowane mulki, na soja da na farar hula, ya zo da uzurinsa, ya bar wa na bayansa dosiyen.

Dalilin a fili yake. Aza tubali aikin hantsi ɗaya ne, da makaɗa da masu ɗaukar hoto. Tayar da dubban mutanen yankin Ayoru, da biyan su diyya, da bin ɗan kwangila wata bayan wata, aiki ne mai ɗaci wanda ba ya kawo tafi. Shi ake gudu, sai a kafa kwamiti a ɓuya a bayansa.

Maganin bai wuce abu uku ba, ko a Kandaji ko a teburin ƙaramin ma'aikaci: a ambaci sunan wanda aikin ke wuyansa, a yanka ranar gamawa a sanar da jama'a, a soma da sashen da ya fi wuya. Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya ba direba kaya sai ya ji ranar isarsa. Wanda ke biyan haraji yana da haƙƙin ya yi wa gwamnati wannan tambaya: wace rana, kuma wa zai amsa idan ta wuce?