Mai Ƙera Sitiyarin da Ya Ɓace Bai Yi Laifi Ba

A duniyar masu tara ƙananan motocin kwaikwayo, irin waɗanda kamfanonin Tamiya na Japan da Airfix na Ingila suke sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, akwai wata aƙida da ta yi kaka-gida. Aƙidar ita ce, duk motar da aka sa mata wani sashe ƙirar hannu ta gurɓata, darajarta ta zube. A wurin masu wannan ra'ayi, gara mota ta zauna ba sitiyari da a ga wanda mai ita ya ƙera. Wannan tunani ne na 'yan gwanjo, kuma ya kamata a fito fili a ƙi shi.

Hujjarsu ita ce sashen kamfani shi ne na gaskiya. To, lissafi bai goyi bayansu ba. A ma'aunin ɗaya bisa 24, wanda ya fi yawa a irin waɗannan motoci, sitiyari mai faɗin santimita 38 yakan koma kimanin milimita 16. Wannan ba wuya. Wuyar tana ga kauri. Narkakkiyar robar da ake ɗurawa a mazubin ƙarfe ba ta cika shi sai an ba ta hanya mai ɗan faɗi, don haka gilashin gaba yakan fito da kaurin kusan milimita ɗaya. In aka ninka wannan sau 24, an sami gilashi mai kaurin santimita biyu da ɗoriya, abin da ba a gani a motar hawa. Wanda ya sassaƙa itace daidai siffar gilashin, ya gasa siririyar roba mai garai-garai ya danna a kai, shi ya fi kusa da motar ainihi. Haka wanda ya ɗumama ragowar sandar roba a kan kyandir, ya ja ta har ta koma kamar zare, ya yi eriya da ita.

Ga kuma abin da masu ajiya ba sa son ji: kwalin da ba a buɗe ba ma lalacewa yake yi. Tayoyin roba mai taushi na tsofaffin kwalaye sukan narkar da duk sashen da suka daɗe suna taɓawa. Takardun ado sukan yi rawaya su farfashe. Motocin Dinky na farko, waɗanda kamfanin Meccano ya fara fitarwa a 1934, da yawansu sun kumbura sun tsattsage saboda dattin dalma a cikin tutiyar da aka zuba su da ita. Masana'antar da ke yin su a Liverpool ta rufe tun 1979. Ina mai motar zai je neman sashen asali? Zaɓinsa bai wuce ya farke wata motar ya gyara tasa, ko ya sayi na kwaikwayo, ko kuwa ya zauna ya ƙera ba. Na farkon ɓarna ce da aka yi wa lulluɓi da sunan kishin asali.

Wasu kuma daga wani gefen suke suka. Suna cewa tunda na'urar 3D ta zo, magagari da wuƙa sun zama wahalar banza. Na'urar tana da amfani ƙwarai, amma ba ta san mota ba. Dole wani ya auna, ya duba hotuna, ya gane inda madubin gefe ya lanƙwasa da dalilin lanƙwasar. Wannan sani shi ne sana'ar, ko da magagari aka gama ko da kwamfuta. Gerald Wingrove, Baturen Ingila da ya yi suna wajen ƙera motoci a ma'aunin ɗaya bisa 15, daga tagulla ya riƙa fitar da sassansa, kuma attajiran masu tarawa sun yi ta neman aikinsa. Babu wanda ya ce motocinsa jabu ne don ba su fito daga kwali ba. Me ya sa mota guda ƙirar hannu za ta zama abin alfahari, sitiyari guda kuwa ya zama abin kunya?

Wuri ɗaya ne masu ajiya suke da gaskiya, wato wajen ciniki. Wanda ya ƙera sashe, ya shafe shi da fenti, ya sayar da motar a matsayin wadda hannu bai taɓa ba, ya yi algus, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Maganin wannan shi ne a faɗa wa mai saye abin da aka sauya, shi ke nan. Hana gyara gaba ɗaya don tsoron maha'inta zalunci ne ga masu gaskiya.

Duk wanda ya tashi yana ganin yara suna yanka gwangwanin madara da silifas su fitar da motar langa-langa, ko ya ga yadda maƙeran Panteka a Kaduna suke ƙera abin da aka rasa a shago, ba zai yi mamakin wannan ba. Abin mamaki shi ne mutum ya mallaki mota shekara 30, bai taɓa sanin yadda ƙafarta take haɗe da jikinta ba, sannan ya raina wanda ya sani.