Lambar sirri ta biyu: a salula za ta zauna ko a kwamfutar ofis?

Jama'a, mai shafin Facebook ko akwatin Gmail ya san lambar nan mai alƙaluma shida da ake turowa ta SMS kafin a buɗe masa ƙofa. Ita ce makulli na biyu bayan kalmar sirri. To amma a nan Arewa makullin yakan maƙale a hanya. A ƙauyukan Kiéché, da na sauran yankin Dogonduci da Tibiri, akwai inda rezo ke zuwa yana komawa, kafin saƙon ya iso lambar ta mutu.

Abin ya fi ciwo a ofisoshi. Akwatin saƙon ƙungiyar manoma ko na makaranta sau da yawa da layin mutum guda aka buɗe shi. Ran da ya tafi cin rani, ko aka sace masa salula ranar kasuwa, takardun jama'a sun kulle ke nan.

Akwai wata hanya: kwamfutar ofis ta riƙa samar da lambar da kanta. Lokacin da ake kunna tsaron, shafin yana ba da wani dogon sirri sau ɗaya, a ajiye shi cikin manhaja. Daga nan manhajar ke haɗa sirrin da agogon kwamfuta, ta fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30. Ba ta buƙatar layi, ba ta jiran saƙo. KeePassXC, wadda kyauta ce, tana wannan aiki.

Ba mu kaɗai ke da dalilin barin SMS ba. A watan Disamba na 2024, bayan kutsen da aka yi wa kamfanonin waya na Amurka, hukumar tsaron intanet ta ƙasar, CISA, ta shawarci manyan jami'ai su daina dogara da lambar SMS. Sai dai manhaja ma ba ta dawwama: a watan Maris na 2024 Authy ta daina kula da nata na kwamfuta, masu amfani da shi suka shiga neman mafita.

Kuma hanyar tana da nata haɗari. In kalmar sirri da lamba ta biyu duk suna cikin na'ura ɗaya, wanda ya zauna gabanta ya samu makullai biyu a hannu. Don haka kwamfutar gidan intanet ko ta shagon buga takardu ba wurin wannan ajiya ba ce sam. Na biyu, agogo. Tsofaffin kwamfutocinmu, in ƙaramin batirin ciki ya mutu, da an ɗauke wuta sai lokaci ya rikice, lambar kuma ta ƙi shiga ko da daidai aka buga ta.

Shawarar da ta dace da mu ita ce: a sa wa manhajar kalmar sirri tata daban, mutum biyu amintattu su san ta. A duba agogo kullum. Lambobin ko-ta-kwana da Google da Facebook ke bayarwa a rubuta su a takarda, a kulle tare da hatimin ofis.

Ga masu WhatsApp kuwa, lambar da ta shigo salularka taka ce kai kaɗai. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa ita, ko da muryar ɗan'uwa ya zo, kashe wayar ka neme shi ta wata hanya.