Ingilishi a Bazaga: a fara da hoto

Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harshen aiki. 'Yan kasuwar Ƙonni ba su jira doka ba: duk mai kai albasar Galmi Illelar Nijeriya (ba Illelar Tawa ba) ya san takardun tsallaken iyaka da Ingilishi ake rubuta su.

To amma yaya ɗan Bazaga yake gamuwa da wannan harshe? Sai ya shiga kolej, a ajin sizyam. Mushe ya rubuta kalma a allo, ya fassara ta da Faransanci, wanda shi ma yaron bai gama riƙe shi ba. Ga shi yana karanta jimla da babbar murya, harafi bai kuɓuce masa ba. A tambaye shi abin da ta ƙunsa, sai ya sunkuyar da kai.

Littafin labari mai hotuna yana rage wannan zagaye. Yaro ya ga akuya ta kutsa gonar gero, mai gona ya biyo ta da sanda; ya riga ya san labarin da Hausa, saura ya ga yadda Ingilishi ya faɗe shi. An jarraba haka a 1980 a makarantun ƙauye na tsibiran Fiji, can tekun Pasifik. Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafan labari kamar 250 a kowane aji, bayan wata takwas fahimtar karatun yaran ta ci gaba kusan ninki biyu na yadda aka saba. Nan kusa, jihohin Sakkwato da Bauci sun yi aiki da littattafan "Mu Karanta! Let's Read!" a ƙarƙashin shirin da USAID ta soma a 2015.

Sai dai hoto yana da nasa sharri. Yaro mai wayo yakan ba da amsa daga zane, bai duba rubutu ba. Wajibi ne mushe ya rufe hoton a karatu na biyu, ya ce a nuna masa kalmar da ta faɗi haka. Kuma zanen ƙanƙarar Ingila ba abin da zai buɗe wa ɗan Bazaga.

Maganar kuɗi ba ta kai yadda ake zato ba. African Storybook, da aka buɗe a 2014, tana ba da labaran Afirka kyauta ta intanet, har da izinin bugawa. Ƙungiyar iyayen yara na iya buga su a Ƙonni, a yi fotokofi, a ɗinke da zare.