Masunta da madubin hangen nesa: A jefa ido kafin a jefa taru

Kurudu ba ta da teku, ba ta kuma da babban kogi, amma abin da ke faruwa a bakin ruwa yana isowa tukunyar kowane gida a garin. Daskararren kifin da ake yankawa a gefen hanyar da ta taso daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi ta wuce Karshi, mafi yawansa daga ƙasashen waje aka shigo da shi, kuma da dala aka biya kuɗinsa. Bandar da ake kasawa a faranti kuwa daga hannun ƙananan masunta take fitowa, irin na Kainji da Binuwai da yankin Tafkin Chadi. Jami'an gwamnatin tarayya sun sha nanata cewa Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Kaso mafi tsoka na wannan ɗan abin da ake samu a gida, masu kwalekwale da taru ne suke kamo shi. Saboda haka duk dabarar da za ta rage wa masunci asara, magana ce da ta shafi mai cefane a Kurudu.

Ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ita ce amfani da madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda yawancin jama'a ba su san shi ba sai a wuyan soja. A ƙasashe da dama, mai su daga bakin teku ba ya jefa ƙugiya sai ya tsaya a kan tudu ya karanci ruwa da wannan madubi. Ya kamata hukumomin da ke rabon kayan tallafi ga masunta a Najeriya su fara lissafa shi cikin kayan su, kamar yadda suke lissafa taru da injin jirgi. Amma da sharaɗi, domin idan aka raba shi sakaka, illarsa na iya rinjayar amfaninsa.

Da farko, madubin ba ya ratsa ruwa ya nuna kifi a ƙasa. Abin da yake kusantowa shi ne alamu. Idan manyan kifaye suka koro ƙanana zuwa saman ruwa, wurin yakan yi kamar tukunya tana tafasa, tsuntsayen ruwa kuma su taru suna kai sura. Garken kifi mai kauri yakan bayyana kamar inuwar gajimare tana tafiya a kan ruwa. Hatta yadda igiyar ruwa ke karyewa tana da labari: inda take fashewa da fari akwai tudun yashi a ƙasa, inda ta wuce lami kuma akwai kwazazzabo mai zurfi, kuma ta irin wannan hanya kifi ke bi ya kusanci gaɓa. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa yana iya hango abin da ke nesa da shi da kusan kilomita 5 kafin ruwa ya haɗe da sama. Idan ya hau tudu ko hasumiya mai tsayin mita 10, nisan ya kai kilomita 11. Ido kaɗai ba zai bambance tsuntsu mai farauta da mai wucewa a wannan nisa ba, madubi kuwa zai bambance.

Tsayar da mai gadin ruwa tsohuwar al'ada ce. A yankin Konwol na ƙasar Ingila, a ƙarni na 18 da na 19, akwai mutanen da aikinsu kawai shi ne zama a kan duwatsun bakin teku suna jiran bayyanar garken sadin. Da sun hango shi sai su ƙwala kira, su riƙa nuna wa masu jirage inda za su zagaye da taru, kuma har yau ɗakin ɗaya daga cikinsu yana nan a garin Newquay. A Afirka ta Kudu, tsakanin watan Mayu da Yuli, lokacin da garken sadin ke bin gaɓar lardin KwaZulu-Natal, masu jan taru daga gaɓa suna bin tsuntsaye da ido don sanin inda za su shiga ruwa. A Muritaniya ma, al'ummar Imragen da ke zaune a gandun Bank Dargin sun shahara da hango garken kifi daga tudu, sannan su shiga ruwa a ƙafa su kewaye shi.

Masuntan ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Sarkawa da Kabawa, waɗanda sana'ar su ta kai zuriyarsu har Kainji da Tafkin Chadi, sun daɗe suna karanta fuskar ruwa. Sun san bargi da tarwaɗa suna tasowa sama su shaƙi iska, su bar da'ira a kan ruwa. Sun san tsage idan yana farauta ƙananan kifaye sukan yi ta tsalle a gabansa. Sun san inda karfasa ke haƙa gurbi a yashin gefen ruwa, sun kuma san abin da taruwar zalɓe da kwasakwasa ke nufi. An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a wurin masunci ba ya motsi banza. Abin da madubi zai yi shi ne faɗaɗa filin da wannan gogaggen ido zai iya karantawa. Tafkin Kainji, wanda aka samu bayan kammala madatsar a 1968, ya haura murabba'in kilomita 1,200. Ruwa mai wannan faɗi ya fi ƙarfin idon da aka horar a kan gulbi da fadama.

Dalili na farko da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne kuɗin mai. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya taɓa haura naira 1,000. Masunci mai injin jirgi yana ƙona wani kaso na mansa wajen neman kifi tun kafin ya jiƙa taru, kuma ranar da ya dawo hannu rabbana, kuɗin man yana nan a kansa bashi. Wannan bashi ne ke hawa kan farashin kwandon banda, ya biyo mota har kasuwar kifi ta Kado, ya ƙare a aljihun magidanci. Mutum ɗaya da ke kan tudu da madubi da wayar salula zai iya shaida wa jirage da yawa ɓangaren da ke da motsi, su nufi can kai tsaye. Madubin ba ya shan mai, ba ya son caji, kuma idan an kula da shi yana shekaru.

Dalili na biyu shi ne irin ɓarnar da su na lalube ke haifarwa. Wanda bai san inda kifi yake ba yakan nemi ya kwashe duk abin da ruwa ya ƙunsa. Daga nan ake samun masu su da gidan sauro, da masu zuba magimfa ko maganin ƙwari irin su Gamalin 20, da masu jan taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko ɗan tsako. A Kainji, sai da hukumomi suka haramta tarun da ake kira dala a ƙarshen shekarun 1990, saboda yadda yake haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye. Talauci da kwaɗayi suna da hannu a wannan ɓarna, babu shakka, kuma madubi ba zai warkar da su ba. Amma masuncin da ke da tabbacin inda manyan kifaye suke ya fi saurin yarda da taru mai manyan idanu fiye da wanda ke jefawa bisa sa'a.

Akwai masu cewa dabarar teku ba za ta yi aiki a ruwan arewa ba, kuma suna da hujja. Da damina ruwan kogi yakan yi ja da laka, da hunturu kuma hazo yakan rufe nesa. A ƙaramin gulbi ko kududdufi, madubi kaya ne kawai a wuya. Amfaninsa yana manyan ruwaye ne, irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Tiga, da kuma gaɓar tekun ƙasar mai tsawon kusan kilomita 850. Ko a can ma, hangen Dala ba shiga birni ba ne: ganin alama bai kawo kifi cikin jirgi ba, sai an haɗa da sanin ruwa da ingancin taru. Ya kamata kuma masu saye su san cewa wanda ya fi kusantowa ba shi ne ya fi amfani ba. Ma'aikatan jiragen ruwa sun fi amincewa da samfurin da ake rubuta wa 7x50, wato mai kusantowa ninki 7 da gilashin gaba mai faɗin milimita 50, domin ba ya yawan rawa a hannu, kuma yana tara haske da asuba da almuru, lokutan da kifi ya fi motsi.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Idan kowa ya iya ganin kifi, ashe ba za a ƙarar da shi da wuri ba? Manyan jiragen kamun tuna suna amfani da madubai masu ƙarfi da na'urar gano tsuntsaye, wasu har da jirgi mai saukar ungulu, kuma duniya ta ga yadda irin wannan ƙwarewa ta tilasta kafa dokokin ƙayyade kamu. Wannan ne ya sa bai dace a raba madubin ga ɗaiɗaikun mutane ba. A damƙa shi ga Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta, waɗanda su ne kuma za su tsayar da lokacin hutun ruwa da girman idon taru. Argungu ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Manyan giwayen ruwan da ake fitarwa a bikin da ya samo asali a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016, ana samun su ne saboda an kange Matan Fada daga su har sai ranar biki.

A nan ne aiki na biyu na madubin yake, wato gadi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma masu aikata haka sun san jami'an sa ido ba su da yawa. A teku kuma, ƙa'ida ta hana manyan jirage jan taru a cikin mil 5 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 9, domin a bar wa ƙananan masunta wurin. Hasumiya mai mita 10 da madubi ɗaya sun isa a ga dukkan faɗin wannan yanki. Idon da ke neman kifi da safe shi ne zai ga mai zuba guba da yamma, shi ne kuma zai fara ganin jirgin fasinja da ya kife. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin Warra a Jihar Kebbi a 2021 da na Patigi a Jihar Kwara a 2023 ya san darajar mintuna kaɗan a irin wannan hali.

Saura matsalar da ta fi kusa da mazauna Abuja, wato tsaro. A halin da ake ciki, mutumin da aka gani da madubin hangen nesa a kusa da madatsar Usuma, wadda ke ba birnin ruwan sha, ko a gefen tafkin Jabi, kafin a ɗauke shi masunci an ɗauke shi ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Ba za a zargi jama'a da wannan fargaba ba, musamman a Kurudu, inda masu garkuwa da mutane suka shiga rukunin gidajen sojoji a watan Janairun 2024. Bai kamata a miƙa wa talaka kayan da za su jawo masa duka ko tsarewa ba. Mafita ita ce kowane madubi ya zama yana da lamba a rajistar ƙungiya, mai riƙe da shi yana da katin shaida, ofishin 'yan sanda na yankin ya san shi da fuska, wurin tsayuwarsa kuma sananne ne ga kowa. Da haka, mai gadin ruwa zai zama ƙarin ido ga jami'an tsaro.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin hukuma ba. Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka kafa a 2023, tana iya umartar cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta gwada tsarin a wasu ƙauyukan Kainji na tsawon shekara guda, ta auna man da aka ƙona da kifin da aka kama, ta kwatanta da ƙauyukan da ba su da mai gadi. Idan sakamako ya nuna babu riba, an yi asarar abin da bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. Idan ya nuna akwai, sai jihohi da sashen noma na Hukumar Babban Birnin Tarayya su ɗauka. Masu horarwa ma ba sai an nemo su daga nesa ba, domin Kurudu cike take da tsofaffin sojoji da 'yan sanda waɗanda suka yi shekaru suna aiki da wannan madubi.

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Tun fil azal kifi ne ke riga masunci gani, shi ya sa masunci ke ramawa da yawan taru da ƙanƙantar idonsa, har ruwayen suka fara gajiya. Lokaci ya yi da za a taimaka masa ya gani tukuna, ya zaɓi abin da zai kama, ya bar na baɗi ya girma. Allah Ya albarkaci ruwayenmu, Ya sauƙaƙa wa talaka cefane.