Maganar Tayar Mota: Ajiyarta da Sāke Ta a Gida

A cikin takardun da suka iso mini makon nan akwai ta wani malamin makaranta, wanda ya ce ya samu tayoyi huɗu da araha, yana so ya ajiye su sai na motarsa sun ƙare. Yana tambaya, ina zai ajiye su, kuma ko mutum ya iya sāke taya da kansa ba sai ya kira mai faci ba? To, malam, ga amsa, kuma na san ba kai kaɗai ke bukatarta ba.

Abin da na ke so ka fara riƙewa shi ne, taya ba kamar tasa ta ke ba, wadda za a kife a bayan gado shekara goma a ɗauko ta yadda a ka bar ta. Roba tsufa ta ke yi ko ana mora ko ba a mora. Zafi da hasken rana su ke busar da ita har ta yi tsattsage, alhali zanen bayanta na nan raɗau kamar sabuwa. Saboda haka masu ƙira su kan buga ranar haihuwar kowace taya a gefenta. Ka nemi haruffan nan DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ka gani, an yi ta tun kafin 2000, ta zama ta rijiya ko ta wasan yara. Kamfanin Michelin ya ce taya in ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta kai goma a yar da ita ko yaya kyanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya kuwa, wadda a ka kafa a 1988, shekara huɗu ta ke faɗa wa direbobi. Ni dai ban ga laifin tsananin nan ba, gama ƙasar da zafin bazara ya kan wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka, ba ta yi wa roba da sauƙi.

Sa'an nan ina tuhumar arahar nan taka. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, har da na gwanjo, ko da ya ke shigo da tsohuwar taya yana cikin abubuwan da kwastan ta hana. Kun san daga ina waɗansunsu su ke? A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Suwidin, mai mota ya kan riƙe tayoyi kashi biyu, na hunturu da na rani, yana sākewa sau biyu a shekara. Jamusawa har ka'ida gare su, wai daga Oktoba zuwa Ista. Tayar hunturun nan an yi robarta da taushi don ta kama hanya in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. A kan hanyar Kano zuwa Kaduna cikin watan Afrilu, sai ta riƙa cinyewa da sauri, birki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata. Alamarta hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a tsakiya. In ka gan shi a gefen naka, malam, ka mayar wa mai su.

In kuwa sun tsira daga waɗannan biyu, sai maganar wurin ajiya. Mutanenmu sun saba jefa taya kan rufin kwano, wai ta danne shi kada iska ta yaye. Wannan aikin tayar da ta mutu ne. Wadda ka ke so ka hau, wanke ta, ka bar ta ta bushe sarai, ka sa ta a ɗaki mai inuwa da sanyi, ba a kan danshi ba. Kada ka haɗa ta ɗaki ɗaya da janareta ko jarkar fetur ko baƙin mai, don mai yana ɓata roba, injin lantarki kuma yana fid da wata iska mai tsattsaga ta. Wadda ke kan ƙarfenta a iya jibge ta kwance, ɗaya bisa ɗaya. Wadda ba ta da ƙarfe a tsai da ita, a riƙa ɗan juya ta wata-wata. A tsakar gida kuwa, damina na sauka cikinta ya tara ruwa, ka buɗe wa sauro makaranta.

Game da sākewa, lalle mutum ya iya, har ma ina ganin abin kunya ne a ga akawu ko malami ya iya lissafin kasafi amma ya tsaya a daji da magariba yana jiran mai taimako, ga safaya ga jak a but. Ka gwada a ƙofar gidanka ran Asabar, tun ba ta ɓaci ba. Ka tsaya wuri mai tauri wanda ba gangare, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare wata tayar da dutse. Ka sassauta notuna tun mota na ƙasa, don in ka ɗaga tukuna tayar juyawa za ta yi ta yi, motar ma ta iya zamewa. Jak yana da wurinsa da a ka ƙarfafa a ƙarƙashin mota, littafin motar ya nuna shi. In ƙasa rairayi ce, sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa. Ina roƙonka don Allah, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, ko hannu kada ka miƙa. Wajen ɗaurewa, kada ka bi notunan a jere, riƙa tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, ka ƙarasa matsewa bayan ka sauke motar. In ka yi tafiyar kamar kilomita 50 ka sāke taɓa su. 'Yar siririyar safayar nan da ke zuwa da waɗansu motoci ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, ta kai ka wurin mai faci ce kurum.

Abin da ba na gida ba shi ne raba taya da ƙarfenta da daidaita nauyinta. Wannan a bar wa masu sana'a da injinsu. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta ɗau zafi, gwargwadon awon da a ka rubuta a jikin ƙofar direba, har da ta safaya, wadda a ke mantawa.

Wanda ya aiko da tambaya a kan batir ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.